Ruwan da Ke Taruwa a Takunkumin CPAP Lokacin Hunturu

Masu amfani da na'urar CPAP a nan Gusau ba mu da yawa, amma da zarar Disamba ta kama, kukanmu yakan zama ɗaya: wajen asuba mutum ya farka ruwa yana ɗiga masa a hanci, mesar kuma tana ta ƙugi duk lokacin da ya ja numfashi. Na'urar, wadda likitan Ostireliya Colin Sullivan ya gabatar a 1981, aikinta shi ne tura iska ta cikin mesa zuwa takunkumi domin kada maƙogwaro ya rufe, numfashi ya riƙa ɗaukewa a cikin barci. Da yake iskar tana busar da hanci, akan haɗa ta da ɗan tanki mai ɗumama ruwa, kuma daga nan matsalar take farawa.

Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi riƙe danshi. A maki 30 na ma'aunin Salshiyos, iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi tana iya ɗaukar kusan giram 30 na ruwa, amma idan ta sauka zuwa maki 15 ba ta wuce giram 13. Iskar tana barin tankin da ɗuminta, sai ta bi mesa mai tsawon kusan mita 2 da ke shimfiɗe a ɗaki mai sanyi, ta huce a hanya, ta sauke abin da ba za ta iya ɗauka ba, kamar dai yadda tururi yake komawa ɗigon ruwa a murfin tukunya.

Hunturu yana haɗa mana wahala biyu. Iskarsa ta fi ta kowane lokaci bushewa, har wasu sukan yi haɓo, saboda haka dole mutum ya ƙara danshin na'urar. Sannan darensa ya fi kowane dare sanyi, musamman tsakanin ƙarfe 3 da kiran sallah. Shi ya sa ban yarda da shawarar da ake yawan bayarwa ba, wai a kashe tankin a huta. Wanda ya yi haka zai tashi da hanci a toshe da maƙogwaro a bushe, kuma daga nan ne mutane da yawa suke jingine na'urar gaba ɗaya, minshari da gyangyaɗin rana su dawo. A ganina sanyin mesar ya kamata a fara magancewa.

Da farko, a sauke na'urar ta zama ƙasa da katifa, domin duk abin da ya taru ya gangara tanki maimakon fuska. Wanda yake kwana a katifar ƙasa sai ya rataya mesar a ƙusa sama da kansa, ɓangaren da ya fi tsawo yana gangarawa wajen na'urar. Bayan haka a yi wa mesar riga. Ni wani tela a Tudun Wada ya ɗinka mini tawa da guntun tsohon bargo, ya sa mata zif daga wannan baki zuwa wancan, sauran abin da ya rage a waje kuma ina tura shi cikin mayafi. Abin kiyayewa shi ne kada ƙyallen ya rufe ƙananan hujojin da ke jikin takunkumin, domin ta nan iskar da aka fitar take fita. Idan duk da haka ruwan bai daina ba, a rage danshin da mataki ɗaya, a gwada 'yan kwanaki. Ƙarfin iskar kuwa ba a taɓa shi sai da izinin likita.

Akwai mesa mai waya a jikinta wadda take ɗumama kanta, irin ClimateLine ta kamfanin ResMed, kuma ita ce ta fi magance matsalar. Sai dai ita da tankin suna shan wuta sosai, wanda ya dogara da sola da batir kuwa ya san abin da hakan yake nufi kafin gari ya waye. A bazara ma abin yakan dawo wa mai kwana da na'urar sanyaya ɗaki, idan iskarta tana bugun mesar kai-tsaye.

Game da ruwan tankin, tatacce ake so, wato wanda ake kira distilled water, domin na rijiyar burtsatse yana barin farin gishiri a gindinsa, kuma tafasawa ba ta cire wannan gishirin. Kada a saye shi wurin masu cajin batir, inda ake ajiye shi kusa da asid cikin robobi iri ɗaya. Da safe a zubar da ragowar, a cire mesar a rataye ta a ɗaki ta tsane, ba a tsakar gida ba, inda ƙurar hazo za ta cika ta.