Ranar Da Muka Taka Ƙololuwar Dutsen Kamaru

Daren jiya a bukka ta biyu, cikin bukkokin da masu hawan Dutsen Kamaru ke yada zango, muka yi shi, wajen mita 2,800 sama da teku. Bukkar ta cika da wasu baƙi da suka riga mu isowa, sai muka kafa tanti a bayanta ni da ƙanena. Barci kam kaɗan aka yi. Na san sanyin Ngaundare a tsakiyar hunturu, na kuma ɗauka shi ne iyakar sanyi a ƙasar nan, amma wannan dabam ne. Ta ƙasa yake shigowa, ya ratsa tabarmar roba da buhun barci har ya iske ƙashin baya. Iska kuma ba ta huta ba, tana ta kaɗa tantin har gari ya kusa wayewa.

Wajen ƙarfe huɗu jagoranmu ya haska mana tocila ya ce mu shirya. Ɗan ƙabilar Bakweri ne, mutanen da ke zaune a gindin dutsen tun kaka da kakanni, kuma tun jiya yake kirana Alhaji, kamar yadda mutanen kudu suka saba kiran duk wanda ya fito daga arewa. Da lokacin asuba ya yi muka yi taimama. Ruwan da ke hannunmu na sha ne, kuma kowace kwalba a bayan mutum ta hau nan, ba za mu taɓa shi don alwala ba alhali akwai tafiyar yini a gabanmu. Na buga tafukana a kan baƙar ƙasar wurin, mai kaushi, wadda asalinta wuta ce da ta fito daga cikin dutsen ta huce. Muka fuskanci arewa maso gabas muka yi salla hannuwa na rawa. Jagoran da 'yan dako suka koma gefe suka yi shiru har muka sallame, ba wanda ya ce musu su yi.

Maganar ruwan nan ita ce ta fi tsaya mini a rai yau. A wannan hanyar, da zarar an bar daji an shiga ciyawa, ba rafi ba ƙorama. Abin mamaki ne, domin a gindin dutsen nan ta yamma akwai ƙauyen Debundscha, inda ruwan sama ke kaiwa wajen milimita 10,000 a shekara, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ko'ina samun ruwa a duniya. Amma ƙasar sama duk tsakuwa ce da toka da dutse mai huji-huji, ruwa na sauka yake zurarewa ciki, sai can ƙasa ya ɓullo. Don haka 'yan dako ke ɗauko shi. Wanda ke ɗauke da kayanmu saurayi ne da bai wuce sa'ar ƙanena ba. Jarka, tanti, tukunya, shinkafa, duk a cikin buhu ɗaya da ya ɗaure da igiya ya rataya a kafaɗu. A ƙafarsa takalmin roba ne irin na ƙwallo a unguwa, da safa biyu. Na duba wuyansa da safe lokacin da yake gyara igiyar, wurin ya yi kanta, fata ta yi baƙi ta yi kauri. Shi ya dafa mana shayi kafin mu tashi. Ruwa a wannan tsayin yana tafasa tun bai kai zafin da muka sani a gida ba, shayin kuma kafin ka kai baki sau uku ya huce. Muka haɗa da kilishi da dabino muka kama hanya.

Daga bukka ta biyu zuwa ta uku hawa ne tsagwaronsa. Babu bishiya, sai ciyawa tsibi-tsibi, wani wurin ma ta ƙone ƙurmus, jagora ya ce mafarauta ne ke cinna mata wuta da rani. Kana hango wani tudu ka ce shi ne ƙarshe, ka isa ka tarar da wani a bayansa. Numfashi ya fara gajarta. Ƙanena, wanda jiya shi ke gaba yana jiranmu, ya fara ja da baya. Da muka isa bukka ta uku, wajen mita 3,700, ya zauna ya dafe kai.

"Yaya, kaina kamar zai tsage," ya ce. "Kuma zuciyata na tashi."

Na ce masa mu juya, dutse ba ya gudu. Jagora ya tsuguna a gabansa, ya duba idanunsa da leɓɓansa, ya sa shi ya miƙe ya yi tafiya a kan layi ɗaya, ƙafa gaban ƙafa. Ya tambaye shi ko ya yi amai, ko yana ganin jiri. Sannan ya ba shi ruwa ya ce ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, ya sa muka zauna kusan rabin awa a inda iska ba ta bugu. Ya juyo gare ni ya ce, "Alhaji, zai iya. Amma in na ce a sauka, sauka za a yi, ko da saura taku goma." Na amince nan take. A wannan tsayin iskar da mutum ke shaƙa ba ta kai kashi biyu cikin uku na wadda yake samu a bakin teku ba, kuma dutsen nan daga bakin teku ya tashi. Mutum zai kwana a Duwala ko Limbe, bayan kwana biyu ya tsinci kansa sama da mita 4,000, jiki bai samu lokacin sabawa ba. Ciwon ba ruwansa da ƙarfi ko ƙuruciya, in kuma ya tsananta maganinsa ɗaya ne, a sauko.

Muna nan zaune sai ga wasu mutum biyu sun taho a guje daga ƙasa, gajeren wando da 'yar riga, ba jaka ba sanda. Suka ɗaga mana hannu suka wuce. Atisaye suke na tseren da aka fara yi a dutsen a 1973, wanda ake yi yawanci a watan Fabrairu. Daga filin wasa na Molyko a cikin Buea, garin da ke gindin dutsen, ake tashi, a taɓa ƙololuwa a komo, kusan kilomita 38, kuma gwanayen cikinsu ba sa cika awa biyar. Jagora ya kawo sunan Sarah Etonge, wadda ta ci tseren mata sau bakwai har ake kiranta sarauniyar dutsen. Ƙanena ya bi su da kallo har suka ɓace, ya tashi ya ɗauki sandarsa.

Mun isa ƙololuwar, wadda ake kira Fako, da hantsi. Wurin ba shi da faɗi, tulin baƙaƙen duwatsu ne da allo, ga iska mai neman tuge mutum. Allah ya taimake mu gari ya buɗe. Ta kudu maso yamma, a tsakiyar teku, ga tsibirin Bioko na ƙasar Ikwatoriyal Gini, dutsensa ya huda gajimare. Jagora ya nuna shi da sanda ya ce wancan da wannan jijiyarsu ɗaya. Haka ne kuwa. Layi ne na duwatsun wuta da ya faro daga tsibiran cikin teku, ya bi ta nan, ya wuce Manenguba da Oku, ya rabu, reshe ɗaya ya nufi tudun Adamawa wajen Ngaundare, ɗaya ya kai har tudun Biu a jihar Borno. A kan layin nan tafkin Nyos yake, wanda a watan Agustan 1986 ya saki iskar da ta kashe mutane sama da 1,700 cikin dare ɗaya, da dubban shanu, Fulani makiyaya da yawa a cikinsu. Ina yaro na ji manya suna maganar a gida cikin jimami. Yau da na tsaya a nan na ga inda abin ya haɗu. Na karanta abin da ya sauwaƙa na yi musu addu'a. Ba mu daɗe ba, jagora ya ce gajimare na tahowa.

Ba ta hanyar da muka hau muka sauko ba. Mun bi ta gefen kudu maso yamma, inda gangaren duk baƙar tsakuwa ce mai laushi. Ƙafa na nutsewa har idon sawu, mutum ya riƙa zamewa yana taku manya-manya, takalmi ya cika da yashi. Daga nan muka faɗa cikin filin narkakken dutsen da ya daskare, kuma nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Iya ganinka baƙi ne, ya murɗe ya tattare kamar ƙanzon tuwo a gindin tukunya. Na ɗauki guntu ɗaya, girman dunƙulen hannu, sai na ji ba nauyi, duk jikinsa ƙananan huji, bakinsa kuma da kaifi har ya kankare mini yatsa. Jagora yana gane shekarun kowace kwarara daga abin da ya tsiro a kanta. Inda gansakuka mai ruwan toka ta lulluɓe dutse, ciyawa ta fara kama tsagogi, ya ce wannan ta 1982 ce. Inda dutse ke nan tsirara sai ɗan tsiro jefi-jefi, wannan ta baya-bayan nan ce. Ya kai mu bakin ramukan da suka buɗe a 1999, jere a kan layi, gefensu ja da baƙi. Ya hana mu matsawa kusa, domin bakin yana zaizayewa.

A nan muka zauna muka haɗa azahar da la'asar, shi kuma ya ba mu labari. Yana yaro a Buea lokacin, ƙarshen watan Maris na 1999. Ƙasa ta yi ta girgiza, bangon gidaje ya tsattsage, mutane suka riƙa kwana a waje. Da dare sama ta yi ja. Narkakken dutsen ya gangara a hankali ta kudu har ya datse hanyar mota tsakanin Limbe da Idenau kusa da ƙauyen Bakingili, ya tsaya dab da teku. Shekara na zagayowa, a 2000, dutsen ya sake yi. Kafin nan ya yi a 1922, lokacin da wutar ta kai har cikin teku, da 1954 da 1959. A 1909 ma shi ya sa Jamusawa, waɗanda suka mai da Buea hedikwatar mulkinsu, suka kwashe suka koma Duwala na ɗan lokaci. Na tambaye shi me ya sa ba su bar wurin ba. Ya ce ƙasar da dutsen ke ba su babu irinta, ayaba, gwaza, ganyen shayi, kwakwar manja, duk abin da ka sa yana yi, kuma kaburburan iyayensu a nan suke.

Gajimaren da ya hango ya cim mana a tsakiyar filin. Cikin 'yan mintuna ban iya ganin ɗan dakon da ke gabana da taku kaɗan ba. Babu hanya a ƙasa, dutse ba ya riƙe sawu, ko'ina ka juya iri ɗaya ne. Jagora ya ce mu matso mu jeru, kowa ya riƙa ganin jakar na gabansa, ya riƙa kiranmu ɗaya-ɗaya muna amsawa. Bai tsaya ko sau ɗaya yana laluben hanya ba. A Buea na ji wasu matasa suna ƙorafin cewa dole sai an ɗauki jagora kafin a shiga gandun dajin dutsen, wanda gwamnati ta killace tun 2009, wai hanyar karɓar kuɗi ce kawai. Da sun kasance tare da mu a cikin hazon nan da ba su sake faɗa ba.

Ya kuma ba mu labarin Efasa Moto, wanda Bakweri suka ce shi ne mai dutsen, rabinsa mutum rabinsa dutse. A al'adarsu ya yarda baƙo ya ci abin da ya samu a kan dutsen, amma kada ya ɗauka ya tafi da shi. Aƙidata dabam ce, shi ma ya sani, bai kuma nemi in yarda ba. Amma na lura duk inda muka tarar da ledar biskit ko gwangwanin kifi da wasu suka yar, sai ya sunkuya ya ɗauka ya sa a aljihun jakarsa. Raina ya ɓaci da yawan sharar da na gani a kewayen bukkokin. Mutum ya biya wani ya ɗauko masa ruwa har nan, amma ya kasa mayar da kwalbar da ba komai a cikinta.

Rana ta kusa faɗuwa muka iso maɓuɓɓugar Mann, a bakin daji, wadda aka sa wa sunan Gustav Mann, Bajamushe masanin tsirrai da ya hau dutsen nan tare da Richard Burton wajen 1861. Ƙaramin ido ne, ruwan sanyi ƙarara. Na yi alwala da ruwa, na wanke toka daga kunne da hanci. Kan ƙanena ya saki tun muna hanya, har ya ci shinkafa faranti biyu.

Bayan isha muka zauna da 'yan dako a bakin wuta, na fito da goro na rarraba. Suka ce tun da rikicin yankunan masu magana da Turancin Ingilishi ya ɓarke a 2016 baƙi suka ja baya, akwai lokacin da sai a yi watanni ba wanda ya hau. Wasu abokan aikinsu sun koma acaɓa, wasu gona, wasu sun bar garin. A 2023 ma bama-bamai sun tashi ranar tseren, mutane da dama suka jikkata. Shi ya sa Inna ta yi ta faɗa da ta ji inda za mu, sai da na yi mata alkawarin kira da zarar mun sauka. Saurayin da ke ɗauke da kayanmu ya ce da kuɗin dakon nan yake biya wa ƙannensa makaranta.

Na yi magana da ƙanena da Hausa, muka shirya cewa gobe abin da za mu ƙara musu a hannun kowa za mu sa shi, ba ta hannun wani ba. Ya ce, "Yaya, takalmina ma zan bar masa, ƙafarmu ɗaya." Na ce ya bari sai mun isa gari ya wanke shi tukuna.

Jagora ya ce gobe da sassafe za mu shiga daji mu gangara ta Bokwango, tafiya ce mai tsawo kuma ƙasa na da santsi. Akwai giwaye a dajin gefen nan, ba kasafai ake haɗuwa da su ba, amma ya ce kada kowa ya wuce gabansa, kuma in ya ɗaga hannu a tsaya a yi shiru.