Sanyin Hunturu Ta Ƙasa Yake Fara Shiga: Zaɓen Gado da Shimfiɗa a Kaduna

Da iskar hunturu ta fara kaɗawa a Kaduna wajen ƙarshen Nuwamba, kowa bargo yake nema. Sai ka ga an cika Kasuwar Barci ana ɗaga barguna ana gwada nauyinsu a hannu, mafi nauyi shi ne mafi daraja. Amma mutum zai iya lulluɓa da bargo mai nauyin buhun masara, asuba ta yi ya farka bayansa kamar an ɗora masa ƙanƙara. Dalili kuwa, abin da ke ƙarƙashinka ya fi na samanka yi maka aiki.

Katifar da aka jefa a kan siminti ko tayil kai tsaye, musamman sirirriya mai inci huɗu, ba ta hana daɓe zuƙe ɗumin jiki. Nauyin mutum yana danne soson ya kwanta, iskar da ke cikinsa ta fita, ita kuwa wannan iskar ce ke riƙe ɗumi. Idan babu halin gado, a shimfiɗa tabarma, a ɗora kafet ko tsohon bargo, sannan katifa. A riƙa ɗaga ta ana jingina ta da bango sau ɗaya a mako, don in damina ta zo, danshi yakan taru a ƙasanta har ta yi baƙi-baƙi tana warin ruma.

Wajen sayen katifa, kada kauri ya ruɗe ka. Katifa mai inci 8 da aka yi da soso mai ƙarfi ta fi mai inci 14 da ba ta da jiki. Ɗaga gefe ɗaya ka ji: a girma iri ɗaya, wadda ta fi nauyi yawanci ita ce mai soso matse, ita ce kuma ke daɗewa ba ta yi rami ba. Ka danna ta da dunƙulen hannu ka saki, in ta dawo nan take, da dama. Sannan ka kwanta rigingine na minti goma, ko da yaron shago yana kallonka. Ka zura tafin hannu a ƙarƙashin ƙugunka. In ya shige sakayau da sarari, katifar ta yi maka tauri. In ƙugunka ya nutse har hannun ya ƙi shiga, ta yi laushi. Wadda ake kira otofidik, wato mai tauri da ake yi don tallafa wa baya, ba kowa take wa daɗi ba, siriri mai kwanciya a gefe ɗaya kafaɗarsa ce za ta biya kuɗin. Manyan kamfanoni irin su Vitafoam da Mouka suna da aji-aji, don haka ka tambayi ajin, kuma ka karɓi takardar garanti daga dila.

Ledar da katifa ke zuwa da ita, a cire ta. Mata da yawa suna barinta don kada kayan ɗaki su tsufa, amma leda ba ta numfashi: da sanyi tana ɗaukar sanyi, da zafi kuma ka tashi jiƙe. In fitsarin yara ake tsoro, akwai rigar katifa mai hana ruwa wadda samanta yadi ne.

Sai shi gadon. A fara sayen katifa ko a san girmanta tabbas, sannan a je wurin kafinta, ba akasin haka ba. Abin da aka saba shi ne 3 da 6, 4 da rabi da 6, 6 da 6, da kuma 6 da 7 a ƙafa. Wanda tsawonsa ya kai ƙafa shida, ya nemi mai ƙafa bakwai, in ba haka ba ƙafarsa a waje za ta kwana. A bar kamar rabin inci tsakanin katifa da jikin gado don zanin gado ya sami wurin cusawa.

A nan ne kafintoci suka fi cutar mutane, wani lokaci ba da gangan ba. Gadon da aka haɗa da ɗanyen katako a watan Agusta, in iskar Janairu ta busar da shi, sai ya tsuke, ƙusoshi su yi sako-sako, ko juyi ka yi sai ya yi ƙara. Ka nemi busasshen katako, maɗaci in aljihu zai ɗauka, kuma kusurwoyin a ɗaure su da noti maimakon ƙusa, don a iya ƙara matsewa. Katakan da katifa ke hawa kada tazararsu ta wuce inci uku, in ta fi haka soso yana lotsawa tsakaninsu. Gado mai faɗin ƙafa shida dole a sa masa gungume a tsakiya da ƙafa ɗaya ko biyu a ƙarƙashi. Na ƙarfe da masu walda ke yi a kasuwar Panteka ba ruwansa da gara, kuma kuɗin cizo ba sa samun maɓoya sosai a jikinsa, sai dai ƙarfen kan yi sanyi ƙalau da asuba, a nisanta shi da taga.

Shimfiɗa kuwa, hawa-hawa ake yi. Zanin gado na auduga a ƙasa, wani zanin na auduga a jiki, sai bargo matsakaici, sai wani mara nauyi a sama. Barguna biyu sirara sun fi ƙato ɗaya ɗumi saboda iskar da ke tsakaninsu, kuma in Maris ya shigo da zafinsa, sai ka cire ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka sake shiga kasuwa ba. Zanin gado mai santsi da ƙyalli, irin na roba-roba, kyansa a ido ne kawai. Da hunturu in ka ja shi a duhu za ka ji ƙaf-ƙaf har ka ga tartsatsi, kuma yana maƙale wa kaushin ƙafa. A shafa basilin ko man kaɗe a dunduniya a sa safa, ƙafa in ta yi ɗumi barci ya fi saurin zuwa.

Bargon gwanjo yakan fi sabon na araha inganci, amma kada ya shiga ɗaki daga kasuwa kai tsaye. A duba ɗinkinsa ko akwai ɗigo-ɗigon baƙi na kuɗin cizo, a wanke da ruwa mai zafi sosai, a shanya a rana ya wuni. Ƙurar hunturu kuma a rufe gado da wani zani da rana, da dare a naɗe shi a kaɗe a tsakar gida. Gidan sauro kada a sauke shi, sauro raguwa yake yi, ba ƙarewa ba.

Abu biyu ne ba a wasa da su. Kaskon gawayi ba ya kwana a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, domin gubar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum a cikin barci. A ɗumama ɗaki da shi in an ga dama, amma a fitar da shi, iska ta ratsa, sannan a kwanta. Jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya kuma ba a lulluɓa shi da babban bargo ko a sa masa filo. A ƙara masa riga mai dogon hannu da safa, a kwantar da shi rigingine a kan katifa mai ɗan tauri, fuskarsa a buɗe.