Idan Ƙaura ta koma Æ˜aura a kan allo

Akwai matsalar da masu haɗa manhajar rajista a wannan yanki namu suke yawan cin karo da ita, wato a shigar da suna daidai, amma idan aka nemo shi daga rumbun bayanai sai ya fito a birkice. A wata makaranta mai zaman kanta da ke Gusau, duk ɗalibin da ya fito daga Ƙaura Namoda sai a ga an rubuta masa Æ˜aura Namoda, Ɗahiru ya koma ÆŠahiru, alamar naira kuma ta zama â‚¦ a rasit ɗin kuɗin makaranta. Akawun ya riga ya ba da shawarar a daina amfani da haruffa masu ƙugiya gaba ɗaya. Ban goyi bayansa ba, domin wannan suna ne zai hau takardar sakamakon yaro, kuma gyaran bai kai wahalar da za a sauya wa mutum suna saboda shi ba.

Kwamfuta lambobi take ajiyewa, sannan ta bi wani tsari ta mayar da su haruffa. A tsarin UTF-8, harafin Ƙ bayit biyu ne, wato lambobi biyu, C6 da 98. Idan wani ɓangare na manhajar ya ɗauka cewa rubutun yana cikin tsarin latin1 ne, wanda kowane harafi bayit ɗaya ne a cikinsa, sai ya raba su gida biyu: C6 ya zama Æ, 98 ya zama ˜. Alamar naira bayit uku ce, shi ya sa tarkacenta ma uku ne. Abin da ya sa matsalar ta yi mana yawa shi ne MySQL, manhajar da ke sarrafa rumbun bayanai, ya daɗe yana ɗaukar latin1 a matsayin tsarinsa na asali, sai a fitowa ta 8.0, a shekarar 2018, ya koma utf8mb4, wato cikakken UTF-8, alhali teburan bayanai da yawa da ake aiki da su yau an gina su ne tun kafin nan.

Kafin a taɓa komai, a fara ɗaukar kwafin rumbun da umarnin mysqldump, sannan a duba ainihin abin da ke kwance a ciki. Umarnin SELECT HEX(gari), wanda ke nuna lambobin da aka ajiye sunan gari da su, shi ne ke raba gardama. Idan Ƙaura ta fara da C698 a teburin utf8mb4, to bayanan lafiyarsu ƙalau, a hanya suke lalacewa. Galibi laifin yana wurin haɗuwar PHP, yaren da aka rubuta manhajar da shi, da rumbun, inda aka manta a kira mysqli_set_charset da utf8mb4, ko kuma ba a sanar da burauza tsarin rubutun da ake aiko mata ba. Layi ɗaya ya ishi wannan.

Idan kuwa aka ga C386CB9C, to lamarin ya fi haka zurfi. Ma'anarsa an karanta rubutun ba daidai ba tun lokacin shigarwa, aka ajiye kuskuren a matsayin haruffa biyu na gaskiya. Irin wannan yana iya ɓoyewa shekara da shekaru, domin muddin ana shigarwa ana fitarwa ta gurɓatacciyar hanya guda, kuskure na biyu yana warware na farko, allo ya nuna komai daidai. Ranar da aka sauya kamfanin da ke riƙe da rumbun, ko aka gyara hanyar haɗuwa, ranar asiri ke tonuwa, kuma abin da ya faru a makarantar nan ke nan. Maganinsa a mayar da rubutun latin1, a ɗauke shi a matsayin bayit zalla, sannan a sake karanta shi da utf8mb4. Sai dai a yi hattara, a zaɓi layukan da suka lalace kaɗai, saboda sunayen da aka shigar bayan sauyin daidai suke, kuma wannan juyi zai ɓata su. Haka nan ina jan kunnen duk mai gaggawar sauya tsarin tebur da ALTER TABLE bai duba lambobin ba, domin garin neman gira yana iya rasa ido: teburin latin1 da ke ɗauke da bayit ɗin UTF-8 zai faɗa cikin wannan ninki biyun ne kai tsaye.

Wani lokaci ƙaramin akwati ake gani a gurbin ƙ ko ɗ. Wannan ba ruwan rumbun bayanai, samfurin rubutun da aka zaɓa ne ba shi da harafin, sai a sauya shi da irin su Noto Sans.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne alamar tambaya. Idan HEX ya nuna 3F a inda ya kamata a ga harafi, to harafin ya salwanta tun ranar da aka tura shi cikin teburin da ba zai iya ɗaukarsa ba, kuma babu umarnin da zai faɗa maka ko Ƙ ce ko Ɗ. A makarantar an sami 'yan sunaye irin wannan a ajin ƙarshe na sakandare. Bayan an gyara teburin, sai da malamin ajin ya ɗauko tsohuwar rajista ta takarda, yana karantawa akawu yana sake shigarwa ɗaya bayan ɗaya.