Yadda ake gane sauraron bogi kafin a cire maka waƙa daga Spotify

A Spotify, manhajar sauraron waƙoƙi ta intanet, sai waƙa ta yi daƙiƙa 30 tana kunne kafin a ƙirga ta a matsayin sauraro ɗaya. Ta nan 'yan damfara suke shigowa: ɗaruruwan wayoyi ko asusun bogi da manhaja ke juyawa dare da rana, da waƙa ta haura daƙiƙa 30 sai su tsallaka ta gaba. Kuɗin kuwa asusu ɗaya ake tara su a raba gwargwadon yawan sauraro, don haka abin da na bogi ya kwasa daga haƙƙin mawaƙan gaskiya ya fito.

Mawaƙi ko manajansa ya riƙa buɗe Spotify for Artists, shafin da ke nuna wa mawaƙi alƙaluman waƙoƙinsa, duk mako. Fara da kwatanta yawan sauraro da yawan masu sauraro. Idan mutum 200 sun kawo sauraro 20,000, akwai lauje cikin naɗi. Sannan a duba garuruwa. Waƙar Hausa da masoyanta ke Kano, Kaduna da Maradi ba ta da dalilin wayar gari tana tashe a wani birnin Turai da ba a taɓa tallata ta ba. Sau da yawa can ne kwamfutocin da aka yi haya suke. Abin da ya fi tona asiri shi ne tushen sauraron: jerin waƙoƙi guda ɗaya ya kawo kusan komai, babu mai ajiye waƙar, mabiya ba su ƙaru ba, kuma bayan kwana kaɗan adadin ya faɗi ƙasa warwas.

Abin takaici, hukuncin kan mai waƙa yake sauka ko da wani ɗan talla ne ya sayi sauraron da sunan "haɓaka" ta. Tun 2024 Spotify yana cin tarar kamfanonin rarraba waƙa, wato masu ɗora wa mawaƙa waƙoƙinsu a manhajar, a kan kowace waƙar da aka kama da maguɗi ƙarara, su kuma sukan ɗora wa mawaƙin, su riƙe kuɗinsa, ko su cire waƙar. A Satumban 2024 aka gurfanar da wani Michael Smith a Amurka kan zargin samun sama da dala miliyan 10 ta hanyar sauraron bogi, inda ya warwatsa sauraron a kan dubban waƙoƙin da kwamfuta ta haɗa don kada ko ɗaya ta ja ido.

Da zarar ka ga tashin da ba ka san dalilinsa ba, ɗauki hoton alƙaluman da kwanan wata da sunan jerin, ka aika wa kamfanin da ya rarraba maka waƙar a ranar. Duk wanda ya yi maka alkawarin adadin sauraro a kan kuɗi, kada ka ba shi ko kwabo.