Armstrong uku a rumfar Kawu

Kawuna mai gyaran keke ne a nan Tawa, kuma rumfarsa ita ce fadarmu tun muna samari. Benci biyu ne, da famfo, da kwanon ruwan da yake tsoma robar taya don ya gano inda ta huje, sai wani tsohon rediyo da ke rataye a jikin ginshiƙi, an ɗaure murfin batirinsa da tsumma. Daga bakin wannan rediyo rigimar ta fito, kamar sati guda bayan ƙaramar sallar 2012.

Ranar Juma'a, 24 ga Agusta, aka ba da labarin cewa hukumar da ke yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a Amurka ta haramta wa Armstrong, ɗan tseren keke, tsere har abada, kuma ta soke kambuna bakwai da ya ci a babban tseren keke na Faransa. Kawu ya wuni yana tsaki. Ranar Lahadi da safe, shayin farko ma bai nuna ba, rediyo ya ce Armstrong ya mutu.

Kawu ya ajiye sifana. "Inna lillahi. Baƙin ciki ya kashe shi. Shekaranjiya anka amshe mai kambu, yau ga gawa. Ni dai na san ba shi kai labari."

"Kawu, ba shi ba ne. Wannan shi ne wanda ya fara taka wata. Shekararsa 82."

"To ubanai ne ke nan. Ɗa ya ja ma uba hawan jini."

Kafin in buɗe baki, wani dattijo da ya yi aikin gidan waya zamanin Diori, wanda ba ya cika tsoma baki a hirarmu, ya ce ai akwai wani Armstrong ɗin, mai busa, baƙin mutum kamar mu, yana da murya kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Kawu ya girgiza kai ya ce wanga gida Allah ya yi mai baiwa: ga mai busa, ga mai keke, ga mai zuwa wata. Sai duk aka juyo ana kallona, don ni ne mushen da ke koyar da Ingilishi, kuma a fada duk abin da Bature ya aikata ni ake tambaya.

Ban ga laifin lissafin Kawu ba. A wurinmu suna na biyu sunan uba ne, mutum mai rai ko wanda aka san kabarinsa. In ka ji yara biyu a aji suna amsa Abdu a ƙarshe, ba ka cewa komai, don Abdu ya fi a ƙirga. Amma in sunan baƙo ne, ba ka taɓa jin irinsa ba, kuma ga mutum uku suna ɗauke da shi, me zai hana ka ce gida ɗaya suka fito? Matsalar ita ce Turawan Ingila sun daskarar da nasu sunayen tun ɗaruruwan shekaru. Wani kaka can ya yi sana'a ko aka yi masa laƙabi, shi ke nan, jikokin jikokinsa suna ta jan sunan. Smith maƙeri ne. Taylor mai ɗinki ne, kuma daga nan muka samo kalmar tela. A watan Mayun wannan shekara ta 2012 aka yanke wa Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya, ɗaurin shekara 50, kuma ban ji wanda ya tuna cewa sunan nasa na mai allura da zare ne ba.

Armstrong kuwa ma'anarsa mai ƙarfin dantse. Kirari ne, irin wanda ake yi wa ƴan kokowa. Ka ɗauka a ce Kantu na Maraɗi, wanda ya ci gasar kokowa ta ƙasa ta farko a nan Tawa a 1975, duk wanda ya fito daga tsatsonsa har shekara 700 nan gaba za a riƙa rubuta masa Kantu a takarda, ko da siriri ne kamar kara. Asalin masu sunan mutanen kan iyakar Ingila da Sikotilan ne, kuma sana'ar da aka san su da ita ba ta alfahari ba ce: su hau dawakai da dare, su tsallaka iyaka, su koro shanun mutane. Sun addabi sarakunan ɓangarorin biyu, har a 1530 Sarki James na biyar na Sikotilan ya sa aka rataye babbansu, Johnnie Armstrong, tare da mutanensa. Da na faɗa wa Kawu haka sai ya ce, "Ashe ɓarayin shanu ba yau sunka fara ba."

A cikin ukun, Neil mai zuwa wata ne ya je ya gaida wannan tushe. An haife shi a 1930 a wani ƙaramin gari na jihar Ohayo ta Amurka, kuma a 1972 ya ziyarci Langholm a Sikotilan, cibiyar zuriyar, aka karrama shi a matsayin ɗan gari. A wurin bikin, cikin raha, aka karanto masa wata tsohuwar doka da ba a soke ba, wadda ta ce a rataye duk Armstrong ɗin da aka kama a garin. Jikan masu fashin shanu ya dawo gida daga wata, ga abin da aka tarbe shi da shi.

Kumbon Apollo 11 ya tashi ranar 16 ga Yulin 1969, ya sauka ranar 20. Lokacin da Neil ya sa ƙafa a ƙasan wata, a agogonmu na Nijar ƙarfe huɗu saura ƴan mintoci ne na daren da ya wayi 21, ladanan Tawa ba su kai ga kiran assalatu ba. Shi da Buzz Aldrin sun yi kamar awa biyu da rabi a waje, Michael Collins yana can sama yana kewayawa shi kaɗai. Na ambaci ladanai ne da gangan, don duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san labarin da zan faɗa. Wai Armstrong ya ji wata murya a kan wata bai gane ta ba, sai bayan shekaru yana Alƙahira ya ji kiran salla, ya ce ai wannan ce, nan take ya musulunta. Na ji shi a bakin mai wa'azi a kasuwa ina yaro, na ji shi a kaset, yanzu kuma yana yawo a WhatsApp da hoton wata da kiɗa mai sa kuka.

Labarin ba gaskiya ba ne. Mutumin da kansa ya musanta, kuma da abin ya yi yawa, a 1983 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta sanarwa a kan haka. Wani abin da ya ƙara wa ƙaryar gishiri shi ma ruɗanin suna ne. Neil ya koma zama a gonarsa kusa da wani gari a Ohayo mai suna Lebanon, masu ba da labari suka ce kun gani, ya yi hijira zuwa ƙasar Labanan. Ni abin yana ba ni haushi, ba don Armstrong ba. Addinin da ya cika duniya ba ya neman shaidar ƙarya daga bakin matuƙin jirgi. Kawu dai bai yarda ba har yau. Cewa yake yi tsoratar da shi aka yi.

Shi kuwa mai busa, Louis, ta wata hanya dabam sunan ya iso gidansu. An haife shi a Niyu Olins a 1901, jikan bayi ne. Mutanen da aka kwaso daga Afirka an raba su da sunayensu tun a bakin teku, kuma da aka soke bauta a Amurka a 1865, da yawa sun fito da sunan gidan da ya mallake su, wasu suka zaɓi wani sunan Bature suka laƙa. Uban da ya ba Louis sunan bai zauna ya raine shi ba. A daren shiga shekarar 1913 yaron ya harba bindiga sama don murna, aka kama shi, aka kai shi gidan horon yara baƙaƙe, kuma can ya ƙware a busa ƙaho, ɗan'uwan begilar soja. Daga wannan gida ya zama babban sarkin kiɗan jaz. A 1956 ya zo Akara, Kwame Nkrumah ya karɓe shi tun Gana ba ta sami ƴanci ba, a 1960 kuma aka ɗauke shi a kan karaga a Kwango ana tsakiyar rikici. Ya rasu a watan Yulin 1971.

Louis ya riƙe sunan har ya zama nasa. Wasu sun ƙi. Malcolm X, mai fafutukar ƴancin baƙaƙen Amurka, ya jefar da sunan gidansu Little ya sa X a gurbin sunan kakan da aka ɓatar masa. Cassius Clay ya ce sunan bayi ne, a 1964 ya zama Muhammad Ali, wanda ko a Tawa ba sai an yi wa kowa bayaninsa ba. Lokacin da nake wannan bayani a fada, dattijon gidan waya ya ce in rage murya da zancen bauta, mu ma ba mu da bakin yi wa Amurka gori. Gaskiyarsa. Sai a 2003 dokar Nijar ta tanadi hukunci a kan bauta, kuma a 2008 kotun ƙasashen yammacin Afirka, tana zaune a Yamai, ta ba wata mata daga yankin Ƙonni gaskiya a kan gwamnatinmu. A nan yankinmu na Adar ba a rubuta wannan tabon a suna, amma ranar neman aure kowa ya san wanda ake bincika wa kaka.

Na ukun, na Kawu, shi ne ya fi ba mutane dariya. Wata biyu bayan rasuwar Louis aka haife shi a Tekzas, kuma sunan da aka yanka masa Lance Gunderson. Iyayensa suka rabu, uwar ta auri wani Terry Armstrong, ya ɗauki yaron ya ba shi sunansa. Agola ne. A wurinmu ko ka goyi yaro tun yana tsumma har ka yi masa aure, sunan ubansa zai amsa, addini ma bai yarda da wanin haka ba. Kawu ya ce tsintacciyar mage ba ta mage. Na ce a'a, Kawu, kar a ɗora wa agolanci, yaro bai zaɓi komai ba, babba ne ya yi ha'inci.

Kuma ha'incin ba ƙarami ba ne. Ya warke daga ciwon daji da aka gano masa a 1996, ya dawo ya ci tseren Faransa sau 7 a jere, daga 1999 zuwa 2005, tseren da ake yin sati uku ana hawan duwatsu. Kawu yana da hotonsa da rigar rawaya, wanda ya yanko daga wata mujalla ya manna a jikin rumfa, kuma duk yaron da ya kawo keke yana kukan gajiya sai ya nuna masa shi. Ashe allurar ƙara jini ce, da ɗibar jinin mutum a ajiye a sanyi a mayar masa ana tsakiyar gasa. A watan Oktoban 2012 hukumar tseren keke ta duniya ta tabbatar da hukuncin, aka bar waɗannan shekaru bakwai babu zakara. A Janairun 2013 ya zauna gaban Oprah Winfrey, mai shirin hira a talabijin, ya amsa laifinsa da bakinsa. Kawu bai yaga hoton ba. Ya cire shi ya shimfiɗa a ƙasa, yana zuba ƙananan ƙusoshi a kai don kar su ɓace cikin rairayi.

Na yi ta yi wa Turawa dariya a kan wannan, har takarda ta kama ni. Fom ɗin da muka gada daga Faransa gida biyu gare shi, ɗaya na sunan iyali, ɗaya na sunan yanka, mu kuwa ba mu da na farkon. Shi ya sa jaridun gida ke rubuta Diori Hamani, Tandja Mamadou, Issoufou Mahamadou, na waje kuma su juya su. Shugaban ƙasa ba abin da zai same shi. Ni kuwa takardar haihuwata ta sa sunana a gaba, takardar shaidar karatuna ta sa na mahaifina, wata takardar kuma wani magatakarda ya ƙara sunan kakana don ya ga gidan ya yi masa faɗi. Da na nemi wata dama ta ƙaro karatu, wata ma'aikaciya a wani ofis ta jera takardun uku a kan tebur ta ce, "Mushe, waɗannan mutum uku ne. Wanne ne kai?" Sau uku ina hawan mota zuwa Yamai, fiye da kilomita 500 ta Ƙonni da Dosso, kafin a haɗa ni wuri ɗaya. Lokacin da aka gama, an rufe karɓar takardu.

Da aka haifi ƴata ta fari na tsaya a kan magatakarda har ya rubuta harafin ƙarshe. Wasu abokan aikina yanzu sunan kaka suke sa wa ƴaƴansu duka, su ce shi ne sunan gida, don kar fasfo ya ba su wahala. Na gaya wa Kawu haka ina tsammanin zai yi faɗa. Yana goga gam a jikin faci, bai ko ɗago ba.

"To kai wanne kas sa mata?"

"Nawa, Kawu."

"Madalla. In ta yi abin kunya mun san ƙofar da za mu bugawa. Miƙo man famfo."