Su wa ke zaune a kan sefarmu?

Tun 2023 da aka ƙaƙaba mana takunkumi, mu nan Damagaram sai ka wuni a layin banki ka koma da 'yan jikkuna, daga nan na fara tambayar wai su wa ke juya BCEAO ɗin nan, babban bankin da ke fitar da sefarmu. Hedkwatarta na Dakar, ƙasashe 8 ke da ita, gwamnan kuwa shugabannin ƙasashen ne ke naɗa shi na shekara 6, na yanzu Jean-Claude Kassi Brou tun 2022, ɗan Kodebuwa kamar Alassane Ouattara da Charles Konan Banny da suka riƙe kujerar can baya. Faransa ta janye wakilanta daga majalisun bankin, to madalla, amma wallahi abin da ke ci mini rai shi ne ba a taɓa naɗa ɗan Nijar cikakken gwamnan bankin ba.