Kwana biyu a Dunhuang

Jama'a, na dawo daga Dunhuang, kuma har yanzu akwai rairayi a takalmina.

Garin dausayi ne a lardin Gansu, arewa maso yammacin Sin, a bakin hamadar Gobi. Nan a da ayarin fatake na Hanyar Siliki suke yada zango kafin su tunkari hamada. Na hau tsaunin yashin Mingsha da ƙyar, ina haki, sai ga wani ɗan tafki a ƙasa kamar jinjirin wata. Ikon Allah!

Amma kogunan Mogao ne suka tsaya mini a rai. Tun shekarar 366 mabiya addinin Buddha suka fara sassaƙa su a jikin dutse, aka yi kusan shekara dubu ana ƙarawa. Guda 492 suna da zane da gumaka, launin da yawa daga cikinsu bai dushe ba saboda bushewar wurin. Ba a yarda a ɗauki hoto a ciki, da tocila jagora ke haskawa.

A 1900 aka gano wani ƙaramin ɗaki a toshe, maƙil da dubban rubuce-rubuce. Aurel Stein, wani Bature mai binciken kayan tarihi, ya zo a 1907 ya kwashi da yawa a kan 'yan kuɗi kaɗan, har da littafin ɗab'i na shekarar 868. Yana Landan yanzu. Da jagorarmu ta zo nan a labarin, muryarta sai da ta canza.